Babur a zaure, doka a titi: Cinikin tsofaffin babura a Gamborun Maiduguri

Duk wanda ya tsaya da hantsi a ƙarƙashin gadar sama ta Kwastam a Maiduguri, ya fuskanci hanyar Kasuwar Gamboru, zai ga kusan kowane irin abin hawa. Ga Keke Napep sun yi jerin gwano, ga kekuna, ga masu tura kura, ga motocin a-kori-kura shaƙe da kayan gwari, ga kuma manyan motocin da suka ɗauki hanyar Dikwa zuwa ɗaya Gamborun, wato ta Ngala da ke kan iyakar Kamaru. Abin da zai yi masa wuyar gani shi ne farar hula a kan babur.

Sama da shekara 13 ke nan da aka haramta hawa babur a birnin. Yaron da yake ɗan shekara 6 a lokacin da dokar ta fito, yanzu ya zama saurayi, kuma bai taɓa sanin garinsu da ƙarar babura ba. Sai dai haramcin ya kori babur daga titi ne kawai, bai kore shi daga gidaje ba. Har yau akwai waɗanda aka jingine a zaure, ko aka tura bayan shago aka lulluɓe da buhu, ƙura ta rufe su, tayoyinsu sun sace. Cikinsu akwai na Sin da na Indiya da aka yi acaba da su, akwai kuma 'yan ƙalilan da suka girme su nesa ba kusa ba: Vespa, da Honda, da Suzuki, da Yamaha na zamanin da ake kiran babur dokin ƙarfen ma'aikaci.

Waɗannan na ƙarshe su ne masu sha'awar kayan da ke bibiya. Ga mutumin Kano ko Zariya, sayen irin wannan babur magana ce ta kuɗi da samun makanike nagari. Ga ɗan Gamboru kuwa, akwai tambayar da ta riga waɗannan: me mutum zai yi da babur ɗin da ba zai iya fitowa da shi ƙofar gidansa ba? Amsar da ya bayar ita ce za ta nuna masa irin wanda zai saya, da irin gyaran da zai yi masa, da kuma wanda bai kamata ya yi ba.

Yadda babur ya bar titunan Yerwa

Tarihin haramcin bai yi nisa da Gamboru ba. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa masu babura sanya hular kwano a faɗin Najeriya. Dokar ba ta sami karɓuwa ba a Arewa, har aka riƙa ganin 'yan acaba a Kano suna kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu. A Maiduguri kuwa lamarin bai tsaya a abin dariya ba. A watan Yunin shekarar, jami'an rundunar haɗin gwiwa ta Operation Flush suka tare ayarin mabiya Muhammad Yusuf a wajejen Kwastam, suna kan babura za su kai gawa maƙabarta, a kan batun hular kwano. Gardama ta kaure, aka yi harbi, aka jikkata mutum 17 kamar yadda rahotanni suka nuna. Kafin ƙarshen watan Yuli rikici ya ɓarke a birnin, aka kashe Muhammad Yusuf a ranar 30 ga watan.

Da ƙungiyar ta sake ɓullowa a 2010, babur ya zama abin hawanta. Mutum biyu a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya riƙe da bindiga, su harbe ɗan sanda ko mai unguwa ko malami, su kutsa lungun da mota ba ta shiga. A watan Yulin 2011, 'yan makonni bayan Kashim Shettima ya karɓi mulkin Jihar Borno, gwamnati ta haramta hawa babur a Maiduguri, na haya da na gida baki ɗaya. Nan ne dokar ta bambanta da ta wasu birane. A Abuja, acaba aka kora daga tsakiyar birni a 2006. A Kano, ɗaukar fasinja aka hana a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Maiduguri kuwa har malamin makarantar da ke zuwa aiki a kan nasa sai da ya sauka.

Dubban iyalai ne abincinsu ya dogara da babur: 'yan acaba, da makanikai, da masu faci, da masu sayar da kayan gyara. Wasu suka koma Keke Napep, wasu suka bar gari. Babura da yawa aka yi lodin su zuwa wasu jihohi aka sayar a wulaƙance, wasu kuma suka ƙare a hannun 'yan gwangwan. Waɗanda suka tsira galibi su ne waɗanda masu su ba su ɗauke su a matsayin jari ba, sai a matsayin abin tunawa: babur ɗin da mahaifi ya saya da albashinsa na farko, ko wanda aka yi zaryar neman auren uwar gida a kansa. Rundunar 'yan sandan jihar ta sha nanata cewa haramcin yana nan daram, kuma wanda aka kama zai rasa babur ɗinsa, ya kuma fuskanci hukunci.

Waɗanne ne ake nema?

Ba kowane tsohon babur ne abin nema ba. Tsufa daban, daraja daban. Waɗanda ake bi su ne na shekarun 1960 zuwa farkon 1980, musamman waɗanda suka cika garuruwan Arewa bayan ƙarin albashin Udoji, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas a 1975, kowa ya nufi kanti ya sayi rediyo, ko agogo, ko babur.

Na farko a zukatan dattawa ita ce Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946. Ma'anar sunan a harshensu shi ne zanzaro, saboda siririn ƙugunta da faɗin bayanta. Ta dace da mai babbar riga, domin ba sai ya ɗaga ƙafa ya tsallaka tanki ba, ga garkuwa a gaba da ke tare ƙura da taɓo, ga injin a rufe ba ya ɓata tufafi da baƙin mai. Shi ya sa ta zama abin hawan malamai da 'yan kasuwa da akawuna. Samfurin PX da ya fito a 1977 shi ne ya fi daɗewa a kasuwa, kuma da yake kamfanin LML na Indiya ya daɗe yana ƙera irinsa, kayan gyaransa ba su yanke ba.

Sai Honda. Akwai ƙaramar Super Cub da ta fito a 1958, wadda a 2017 kamfanin ya sanar da cewa ya ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya kai. Akwai CD175 mai silinda biyu, da ƙannenta CD185 da CD200 da ake kira Roadmaster, masu sanyin murya da nauyin zama a titi. Akwai kuma CG125 ta 1975, wadda labarin ƙirarta ya shafi irin ƙasashenmu kai tsaye. Injiniyoyin Honda sun zagaya kasuwannin ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane na ɗora wa babur kaya fiye da ƙima, ba sa kuma juye baƙin mai a kan kari. Maimakon su tsaya wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci. Daga baya masana'antun Sin suka kwaikwayi wannan injin, har ya zama uban da yawa daga cikin baburan da aka yi acaba da su. A ɓangaren masu hayaƙi kuwa, wato waɗanda ke ƙona fetur haɗe da mai, akwai Suzuki A100 da Yamaha YB100, marasa nauyi, masu saurin tashi.

Wannan tarihin yana da amfani ga aljihun mai saye. Wanda ya sayi CG125 zai sami fistin da zobba da kuloci kusan a kowace kasuwar kayan babur a Arewa. Wanda ya sayi CD175 kuwa ya shirya jira, da aike, da sayen wani mataccen babur ɗin don ya ciri kaya a jikinsa. Tun da tsarin SAP na 1986 ya karya darajar Naira sababbin baburan Japan suka fi ƙarfin talaka, kuma janye tallafin fetur da sakin Naira a 2023 sun ƙara wa duk wani abin da ake shigowa da shi tsada. Saboda haka kyan babur ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar ita ce, idan wani abu ya karye a jikinsa, ina za a samu?

Takarda kafin ƙarfe

A garin da babur ya taɓa zama makami, babur marar takarda ba araha ba ne, jidali ne. Abin da mai saye zai fara nema, tun kafin ya taɓa kik, shi ne rasit na asali ko takardar mallaka, da takardun rajista ko da sun daɗe da ƙarewa. Sai ya durƙusa ya goge lambar injin da lambar gangar jiki, ya gwada su da abin da ke rubuce, harafi bayan harafi. Lambar da aka kankare, ko aka sake bugawa da guduma, ko aka yi walda a kanta, ta isa dalilin fasa ciniki komai sauƙin kuɗin.

Yawancin irin waɗannan babura na gado ne, kuma nan ma akwai tarko. Wanda ya buɗe zaure ya nuna babur ba lallai ne shi kaɗai ke da shi ba. Idan mai shi ya rasu ba a raba gado ba, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, har da mata da marayu. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a zauna da babban gidan, a tabbatar da yardar sauran, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambobin nan biyu, shaidu su sa hannu, in da hali a gaban bulama ko lawan na unguwa. Idan akwai dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan aka ɓoye masa. Amma da a je ga alƙali gara a duba da kyau tun kafin a ce an sallama.

Cinikin waya kuwa, inda ake turo hoto ta WhatsApp ko Facebook a ce a tura kuɗin kafin alƙalami, shi ne ainihin cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna tsatsar cikin tanki, ba ya kuma jiyar da ƙarar injin.

Ko bayan an biya, da sauran aiki. Ba a tura babur a titin Maiduguri da sunan gwaji, balle a hau. A cikin mota ake ɗaukarsa, takardu a hannu, kuma mai hankali yakan fara zuwa ofishin 'yan sandan yankinsa ya yi bayani, don kada a tare shi a shingen bincike ya rasa abin faɗa.

Abin da ruwan Alau ya bari

Akwai wata tambaya da ta zama dole ga duk babur ɗin da aka ajiye a Gamboru da maƙwabtanta: ina yake a ranar 10 ga Satumban 2024? A daren da ya gabaci ranar ne madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da birnin bai ga irinta ba tun 1994. Ruwa ya shiga Gamboru da Gwange, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Mutane sun gudu da rayukansu, ba wanda ya tsaya ta kan babur ɗin da ke zaure. Da yawansu sun yi kwanaki a nutse.

Babur ɗin da ya sha ruwa ba ya ɓuya ga mai lura, ko an wanke shi an goge. Laka takan bar zane a cikin gilashin fitila da na agogon gudu, takan kwanta a ƙarƙashin sirdi da cikin akwatin matatar iska. Idan aka kwance ƙusar juye baƙin mai, ruwa ne zai fara zubowa domin ya fi mai nauyi, ko kuma man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa. Irin wannan injin ba a taka masa kik. Idan akwai ruwa a saman fistin, ko tsatsa ta kama zobba, ƙarfin ƙafa ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfe ko ya kankare silinda. Sai an cire fulogi, an ɗiga mai, an bar shi ya jiƙa, sannan a juya injin a hankali da hannu. Sau da yawa ma babu makawa sai an sauke shi an wargaza, domin yashi yakan shige cikin boris ya zauna.

Wannan ba ya nufin a guje shi. Yana nufin a saye shi a farashin wanda ya nutse, ba a farashin lafiyayye ba.

Ido da kunne da tafin hannu

Idan babur ɗin yana tashi, a nemi a tayar da shi da sanyinsa. Mai saye ya fara ɗora tafin hannu a kan injin. In ya ji ɗumi, to an riga an tayar da shi kafin ya iso, kuma injin mai zafi yakan ɓoye laifinsa. Nauyin kik a ƙarƙashin ƙafa yana nuna ƙarfin matsin silinda. Kik ɗin da ya tafi salalam babu turjiya alama ce ta zobba sun cinye.

Hayaƙi ma yana magana. A injin irin na Honda, shuɗin hayaƙi na nufin yana shan baƙin mai, baƙin hayaƙi kuma na nufin fetur ya yi wa iska yawa, wato matsalar kafireta ko toshewar matata. A Vespa da Suzuki A100 da Yamaha YB100 kuwa, ɗan shuɗin hayaƙi ɗabi'arsu ce, rashinsa ne ma abin tsoro, domin yana iya nufin mai ba ya isa ga fistin. Ƙara mai kama da bugun guduma daga ƙasan injin ta fi kowace tsada, ƙaramar ƙas-ƙas daga sama kuwa sau da yawa saiti kawai take so.

Sai gangar jiki. A tsaya daga baya a hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A duba wuyan babur da gindin injin ko akwai tsohuwar walda. A haska tocila cikin tanki. A Vespa, inda jikin kansa shi ne ƙashin bayan babur ɗin, a ɗaga shimfiɗar ƙafa a duba ƙasa, domin tsatsar da ta ci wannan wurin ta ci ƙarfin babur ɗin gaba ɗaya. Sabon fenti mai sheƙi a kan babur mai shekara 45 ba abin murna ba ne, abin tambaya ne. Taya kuwa, ko da zanenta bai goge ba, shekarunta na rubuce a gefenta: lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2310 an yi ta ne a mako na 23 na 2010, ta bushe, ba ta da sauran amana.

Gano duk wannan sai da wanda ya san aikin, kuma nan ne Maiduguri ke da wani gibi. Makanikan da suka ƙware a kan waɗannan injuna sun manyanta, yaransu kuma Keke Napep da janareta suka taso suna gyarawa. Saurayin da ya sami irin wannan dattijo, ya durƙusa ya gaishe shi da Baba, ya biya shi kuɗin dubawa ba tare da ƙyashi ba, ya ceci kansa daga asarar da ta ninka wannan sau da yawa.

Gyara ko sauya kama?

Da zarar babur ya shigo gida, sai shawarwari su yi yawa. Wayar hannu ta kawo wa matasan Arewa hotunan wani salo da ya samo asali a Landan a shekarun 1950 da 1960, lokacin da samarin da ke taruwa a shagon shayi na Ace Cafe suke rage wa baburansu na Triumph da Norton da BSA nauyi don tsere. Sukan sauke hannun tuƙi ƙasa, su yanke bayan babur, su sa ɗan guntun sirdi, su buɗe salansa. Salon ya dawo da ƙarfinsa a Instagram da YouTube, kuma ƙananan Honda na cikin waɗanda aka fi yankawa.

Kafin mai babur ya ɗauko zarto, akwai rabe-raben da ya kamata ya yi. Gyara iri uku ne.

Na farko shi ne na lafiya, wanda babu zaɓi a cikinsa: sababbin tayoyi da tif, takalman birki, wayoyin birki da na kuloci da na totur, sarƙa da haƙoranta, wanke tanki da kafireta, juye mai, da sake wayarin da ya tsufa ya bushe. Wannan ba ya fitowa a hoto, amma shi ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin mai hankali.

Na biyu shi ne wanda ke ƙara amfani ba tare da ya ɓata asali ba, kuma ana iya mayar da shi yadda yake. Yawancin baburan wancan zamani wutarsu mai ƙarfin bolt 6 ce, fitilarsu kamar aci-balbal. Mayar da su bolt 12 yana ba da haske mai kyau, yana kuma sauƙaƙa samun batir da ƙwan fitila, sai dai dole a sauya su tare da oda da na'urar daidaita caji, ba ɗaya a bar ɗaya ba. Haka nan maye gurbin tsohon kontak, mai son saiti a kai a kai, da akwatin wutar zamani da makanikai ke kira si-di-ai. Sharaɗin kawai shi ne, duk abin da aka cire a shafa masa mai a adana a kwali. Ranar da za a sayar, wannan kwalin kuɗi ne.

Na uku shi ne wanda ba ya komowa: yanke gangar jiki, fasa silinda don ƙara gudu, jefar da akwatin matata a maƙala buɗaɗɗiya, da fasa salansa. A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma zafin Maiduguri a Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Injin da aka matsa wa fiye da ƙirarsa zai ƙara zafi a inda zafi ya riga ya yi yawa. Ƙurar hunturu kuma, idan ta sami buɗaɗɗiyar matata, takan cinye zobba kamar an goga musu yashi. Salon da aka ƙirƙira don titin Landan mai sanyi da laima ba lallai ne ya dace da bakin Sahara ba. A injin mai hayaƙi ma salansa ba ado ba ce, wani ɓangare ce na aikin injin, fasa ta na iya rage ƙarfi maimakon ƙarawa. Vespar da ba ta da famfon haɗa mai kuwa, abin da take so shi ne a kiyaye mata ma'auninta, wanda a samfurin PX kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 na mai a kowace litar fetur.

Akwai kuma lissafin daraja. A kasuwar masu tara tsofaffin babura, ko'ina a duniya, wanda ke da fentinsa na asali da tambarinsa da lambobinsa ya fi wanda aka yanka kuɗi, ko da ya koɗe. Wanda ransa ya kafe a kan salon Landan, ga baburan Sin masu injin irin na CG nan birjik, ya yanka ɗaya babu wanda zai yi kuka. CD175 kuwa an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1970, duk wadda aka yanka ta ragu ke nan har abada. Sannan duk wanda ya sauya launi ko ya sauya injin, wajibi ne ya koma ofishin lasin a gyara takardu, in ba haka ba ya mayar da halalinsa abin tuhuma da hannunsa.

Jiran ranar hawa

Bayan an gama duk wannan, tambayar farko tana nan: ina za a hau? Wanda ke da zama ko harka a wata jihar da doka ta yarda, sai ya yi lodinsa can, ya sabunta lasin, ya sayi hular kwano. Wanda rayuwarsa duka a Maiduguri take kuwa, abin da ya rage masa shi ne ajiya, ita ma kuma sana'a ce. Fetur yakan lalace cikin 'yan watanni ya bar danƙo a kafireta, don haka a tsiyaye shi. A cire batir. A ɗora babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya don tayoyi su huta. A ɗiga mai a ramin fulogi, a riƙa juya injin lokaci zuwa lokaci. A rufe shi da zane mai shan iska, ba leda mai tara gumi ba. Bayan abin da aka gani a 2024 kuma, a ɗaga shi a kan dakali.

Wani zai ce wannan wahalar banza ce, a zuba kuɗi a abin da ba zai kai mutum ko masallacin unguwa ba, alhali ga tsadar abinci, ga gidajen da ruwa ya rusa ba a gama gyarawa ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk wanda zai taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara don babur ya sauka daga hanya. Amma ga wanda Allah ya hore wa, akwai abin da ya wuce sha'awa. Waɗannan babura shaidu ne na wata Maiduguri da matasan yau ba su sani ba sai a bakin iyaye, wadda ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya, inda malami zai hau Vesparsa bayan Isha'i ya ratsa gari babu mai tambayarsa ina za shi. Kowane ɗaya da ya faɗa hannun 'yan gwangwan, an auna shi a sikeli an biya kuɗin ƙarfe, wani yanki na wannan tarihin ya tafi.

Ɗage haramcin ba ya hannun mai babur, yana hannun gwamnati da jami'an tsaro, su ma kuma yanayin tsaron jihar suke kallo. Abin da ke hannun ɗan Gamboru shi ne ya tsarkake takardunsa, ya gyara abin da ya lalace, ya bar abin da ba ya buƙatar taɓawa. Idan ranar ta zo, babur ɗin da zai fito daga zaure ya hau titin Kwastam ya kasance dattawan unguwa za su gane shi tun daga ƙararsa.